Kalacin Safe da Tuwon Dare: Girki Mai Sauƙi a Zafin Sakkwato

Ba dahuwa ke cinye wa uwargida lokaci a madafa ba. Ƙosai minti goma ya ishe shi a cikin mai, amma kafin a kai ga man sai an jiƙa wake, an surfa, an wanke, an aiki yaro wurin mai inji, shi kuma ya je ya iske layi ko ya iske babu wuta. Kafin ya dawo 'yan makaranta sun fita da ruwan shayi tsurarsa. Haka miya take, rabin wahalarta gyaran kayan miya ne da jajjage da jiran tumatir ya bar tsami. Saboda haka duk wadda ke son girkin safe da na dare su zo mata da sauƙi, sai ta ware yini guda, Asabar ko Lahadi, ta gama da abu uku: garin wake, gasara, da soyayyen jajjage. Sauran kwanakin mako haɗawa ce kawai.

Awon da zan bayar na gida mai mutum shida ne, manya da yara. Inda na ce kofi, wanda huɗunsa ke cika lita ɗaya nake nufi, cokali kuma babban cokalin cin abinci.

Garin wake da abin da ake yi da shi

Ki samu farin wake mudu biyu, ki tsince tsakuwa da wanda ƙwaro ya huda. Kada ki jiƙa shi. A kai inji a ɓarza shi a bushe, kowace ƙwaya ta rabu biyu ko uku, sai ki bakace a faifai ɓawon ya bi iska. Abin da ya rage na baƙin hanci ki zuba ruwa ki wanke da sauri sau biyu, ki tsane a kwando, ki baza a tire ko tabarma mai tsabta a rana. A watan Maris ko Afrilu yini ɗaya ya ishe shi, da damina kuwa yana iya neman kwana biyu. A haƙori ake gwada shi. In ya fashe ƙaras ya bushe, in ya lotsa a mayar da shi rana. Waken da ke da sauran laima in aka niƙa shi garin dunƙulewa yake yi, kafin mako ya fara warin fumfuna.

A roƙi mai inji ya kakkaɓe injinsa tukuna, don sau da yawa barkono ko dawar wani ce ta riga ki shiga. Garin da zafinsa yake fitowa, to a baza shi ya huce kafin a tankaɗe a zuba a bokiti mai murfi. In aka rufe shi da zafi gumi zai yi a ciki. Yana kai wata guda lafiya lau in dai ba a sa masa jiƙaƙƙen hannu ko jiƙaƙƙen kofi ba.

Ƙosai: gari kofi 2, ruwa mai ɗumi kofi ɗaya da rabi. Ki dama, ki rufe, ki ba shi minti 20 zuwa 30 ya sha ruwa. Wannan jiran shi ne mutane ke tsallakewa, sai ƙosan ya fito da garas-garas a baki su ce garin ne bai yi ba. Mafi dacewa ki dama shi kafin sallar asuba, kina idarwa ya jiƙu. Daga nan sai bugu. Ki buga da muciya ko ludayi ta gefe guda na minti biyar zuwa goma, har ƙullin ya yi haske ya ƙara auki. Ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa, in ya taso sama ya bugu, in ya nutse da saura. Iskar da bugu ya shigar ita ce ke tayar da ƙosai. Masu zuba bekin foda aikin da hannu ya kamata ya yi suke biya da kuɗi, kuma ɗanɗanon yana nunawa.

Albasa ɗaya da tarugu biyu ki yanka su ƙanana ki zuba bayan bugu. Gishiri shi ne na ƙarshe, sai mai ya riga ya yi zafi, domin in ya daɗe a ƙulli yana kwantar da shi ya tsinke. Man ya zama mai zurfi yadda ƙosan zai yi iyo. Ki gwada da ɗigo ɗaya. In ya zauna a ƙasan kasko shiru man bai yi ba, in ya yi baƙi nan take wutar ta yi yawa. Ƙosan da ya sha mai ɗayan uku ne: ƙulli ya yi ruwa, ko mai bai yi zafi ba, ko an cika kasko da yawa har zafin man ya sauka. Wanda ya yi ja a waje cikinsa ɗanye kuwa wuta ce ta yi masa yawa. Maganar gaskiya, ƙosan gari ba ya kai na sabon markaɗe taushi, amma tazarar ba ta kai a tashi yaro da duku-duku zuwa inji ba.

Da wannan garin ake alale. Gari kofi 2, ruwan ɗumi kofi biyu da rabi, manja ko man gyaɗa sulusin kofi, soyayyen jajjage cokali 4, magi 2, gishiri, da ɗan busasshen kifi in akwai. Shi ma ya jiƙu na rabin awa. Ƙullin alale ya fi na ƙosai ruwa nesa, kuma ba a buga shi, juyawa kawai. A shafa wa gwangwanaye mai, a zuba a bar sarari a sama don yana tasowa, a jera a tukunya bisa murfi ko karare, ruwan kada ya wuce rabin gwangwani. Minti 40 zuwa 45. A soka tsinke, in ya fito wanke ya nuna. Da zafinsa yakan yi kamar bai daskare ba, a ba shi minti goma ya huce kafin a yanke masa hukunci.

Gasara, koko da kunu

Gero mudu ɗaya, a wanke a rege shi sosai, don geron kasuwa ba ya rabuwa da yashi. A jiƙa. Da bazara kwana ɗaya ya isa, in ya wuce haka tsamin ya yi yawa har da wari. Da hunturu sai ya kwana biyu, ana canja ruwa. A wanke, a sa busasshiyar citta kamar yatsa uku, kanumfari cokali ɗaya, masoro rabin cokali, barkono kaɗan, a markaɗa ya yi laushi. A tace da ƙyallen tata, a bar shi awa biyar ko shida ya kwanta. Ruwan da ya taru a sama kada a zubar duka, a ɗebi kwalba ɗaya a ajiye, shi ke ƙara wa koko tsami ga mai so.

Ajiyarta ita ce matsala a Sakkwato. Gasarar da aka bari a roba da ruwa a kanta sai ana canja ruwan kullum, da zafi ma safe da yamma, kuma duk da haka bayan kwana uku ko huɗu tsaminta ya fi ƙarfin yara. In akwai firji mai samun wuta a ƙulla ta a leda daidai damun kwana ɗai-ɗai. In babu, a zuba ta a buhun yadi a ɗora dutse ta tsane, a marmasa a tire a shanya. Rana dai ba ita muka rasa ba. Busasshiyar gasara tana wata biyu ba abin da ya same ta.

Damun koko kuma ga inda ake faɗuwa. Gasara kofi ɗaya, a dama ta da ruwan sanyi rabin kofi kawai, ta yi kauri tana zuba daga ludayi a hankali. Ruwa lita ɗaya da rabi ya tafasa har yana tsalle, ba wai ya fara ƙara ba. A sauke a sheƙa shi kai tsaye, a tashi ɗaya, a rufe minti biyu, sannan a juya. Kokon da ya tsinke, ko an cika wa gasarar ruwan sanyi ne, ko ruwan ya huce tsakanin murhu da kwarya, ko an riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa. Gasarar da ta fito daga firji a bar ta ta saki tukuna, don sanyinta kaɗai ya isa ya kashe zafin ruwan. In ya tsinke ba a zubarwa. A juye a tukunya a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa, minti uku zai kama.

Kunun gyaɗa ya fi koko riƙe ciki, musamman ga yaron da ba zai dawo gida ba sai bayan azahar. Gyaɗa kofi 2, a tsince duk wadda ta yanƙwane ko ta yi baƙi ko fumfuna, domin irin wannan gyaɗar na ɗauke da gubar da ke taɓa hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta. A soya sama-sama don ɓawo ya fita, kada ta yi ja, a markaɗa, a tace da ruwa lita 2. A ɗora a wuta tare da wankakkiyar shinkafar tuwo rabin kofi. Kada a rufe tukunya kuma kada a yi nisa, ruwan gyaɗa yana tasowa ya zube kamar madara. Idan shinkafa ta nuna, a dama gasara ko fulawa cokali 4 a zuba ana juyawa. Ruwan tsamiya ko lemun tsami sai an sauke ake sawa, kaɗan-kaɗan. In aka zuba shi tukunya na tafasa kunun ya kece, ruwa gefe gyaɗa gefe.

Wata magana a kan shayi, tunda ya zama kalacin gidaje da yawa. Ganyen shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙara jini da ke cikin wake da ganye, lemun tsami kuwa yana ƙara shi. Mai ciki da ƙananan yara, koko ko kunu ya fi dacewa da ƙosansu.

Soyayyen jajjage

Tumatir yana araha da rani, lokacin da kayan fadama ke shigowa Kasuwar Daji, ya yi tsada idan damina ta kama. Albasa kuwa tamu ce, daga Gwadabawa, Wurno, Goronyo da sauransu, ba dalilin yi mata rowa. Tumatir 15 matsakaita, tattasai 8, tarugu 6, albasa manya 3. A cire 'ya'yan tattasai don suna kawo ɗaci. A markaɗa, a ɗora a tukunya ba mai ba murfi, ya tafasa har ruwan ya ƙone ya koma kamar sulusinsa. Sannan a soya albasa ɗaya a mai kofi ɗaya, a juye markaɗen, a rage wuta ana juyawa har mai ya taso sama ya yi ja. Mai zuba ɗanyen markaɗe a cikin mai kai tsaye dafa shi take yi ba suya ba, shi ya sa tsamin ke bin miyar har kwano.

A zuba a kwalba ko robar da ta bushe, mai ya rufe samansa. A firji yana mako guda. In babu firji a bar shi a tukunyarsa ana tafasa shi safe da dare, kuma a yi na kwana biyu ko uku kawai. Lokacin tsada kauɗa, wato busasshen tumatir, na yin aikin, sai dai a jiƙa ta a ruwan zafi minti 20 a wanke sau uku saboda ƙasa, a ƙara mata tattasai don launi.

Da wannan a hannu, dafa-dukan taliya minti 20 ne. Jajjage ludayi 2, ruwa lita ɗaya da rabi, daddawa, magi, busasshen kifi, su tafasa, a karya taliya leda ɗaya da rabi a zuba. A sauke da ɗan sauran romo, don taliya na ci gaba da shan ruwa bayan an sauke. Da safe kuma cokali uku a kasko da ƙwai huɗu sun zama abin cin burodi ko dafaffen dankalin Hausa.

Tuwon dare

Ana cewa tuwo wahala, alhali in gari na nan a tankaɗe, tsakanin ɗora sanwa da kwashewa bai fi minti 45 ba, kuma miya na dahuwa a gefe. Garin masara ko dawa kofi 6, ruwa lita 3. In ya tafasa ki ɗebi kofi biyu ki ajiye gefe. Ki dama gari kofi ɗaya da rabi da ruwan sanyi, ki zuba kina juyawa da muciya har ya haɗe. Talge ke nan. Ki rufe rabi, ki bar shi minti 15 zuwa 20 ya nuna sosai. Duk tuwon da ya yi warin ɗanyen gari, ko ya kwana ya saki ruwa ya farfashe, a talge aka yi masa gaggawa. Daga nan ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa sauran garin hannu-hannu kina tuƙawa, kina danna shi jikin tukunya. Gudaji na zuwa ne in an juye gari da yawa a lokaci guda ko ba a tankaɗe ba. In ya yi tauri ki sassauta da ruwan zafin da kika ajiye, ba na sanyi ba. Ki yayyafa ruwa kaɗan, ki rufe ya sulala minti goma a wuta ƙasa-ƙasa, ki sake tuƙawa, ki kwashe da mara kina tsoma ta a ruwa.

Tuwon dawa wasu da ruwan kanwa suke yinsa, wasu da ruwan tsamiya. Na kanwa ya fi duhu da santsi. Na tsamiya ya fi haske, kuma ya fi jure kwana, don haka in da niyyar ɗumame shi za a zaɓa. Tsamiya sili biyu a jiƙa a tace a zuba a sanwa kafin talge.

Miyar kuka dahuwar ruwanta ce miyar, kukar kanta minti biyar ce. Ruwa lita ɗaya da rabi, nama ko ƙashi ko busasshen kifi, daddawa ƙwaya biyu a daka tare da citta, masoro da barkono, tarugu biyu, albasa ƙarama, garin wake cokali 2, magi da gishiri. Su yi minti 30 zuwa 40 suna tafasa har warin daddawa ya juye ya zama ƙamshi. Sai a tsame naman, a rage wuta sosai, a riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗayan. Cokali 4 zuwa 5 ya isa, kuma a tsaya tun tana da ɗan ruwa-ruwa domin kauri na ƙaruwa in ta huce. A mayar da nama, a bar ta minti biyar a buɗe. Kukar kirki kore ce shar. Wadda ta koma ruwan ƙasa ta tsufa ko an shanya ta a rana mai tsanani, ɗaci za ta yi ko wace ce ta kaɗa ta. Man shanu a soya shi da albasa daban, kowa ya zuba a kwanonsa.

Busasshiyar kuɓewa haka ake bi da ita. Ɗanya kuma a goga ko a daka, a sa ruwan kanwa cokali ɗaya, kada a rufe, kada a cika mata tumatir, don tsami na kashe yauƙi.

Miyar sure, wato yakuwa, da tuwon shinkafa ko hoce, ita ce ta ranar da baki ya gaji da kuka. Sure damƙa ɗaya, alayyafo damƙa biyu, dakakkiyar ɗanyar gyaɗa kofi ɗaya, jajjage ludayi 2, kabewa yanka ɗaya in lokacinta ne. A tafasa suren shi kaɗai minti biyar a zubar da ruwan, ya rage tsami. Gyaɗa ta fara shiga romon nama ta yi minti 15, in ba haka ba gafinta zai fito. Ganye shi ne na ƙarshe.

Game da kanwa gaba ɗaya, hannu ya yi sauƙi. Gutsure kamar ƙwallon dabino a jiƙa a kofin ruwa, a yi amfani da na saman da ya kwanta. In ta yi yawa abinci ya yi baƙi, ya yi ɗanɗanon sabulu, ta ɓata ciki, kuma tana lalata wasu sinadaran bitamin da ke cikin hatsi da wake.

Ɗumame, da abin da bai kamata ya kwana ba

Ɗumame shi ne kalaci mafi sauƙi, amma a Afrilu da Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma dare kansa ba ya hucewa, sai an kula. Tuwon da za a ɗumama kada a naɗe shi a leda da zafinsa a jefa a kula ya kwana. Ɗumin nan mai laima shi ƙwayoyin cuta ke so. A jera malmala a tire, a rufe da faifai ko kwando, a ajiye inda iska ke bi. Miya a tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a sake sa mata ludayi. Da safe a yanka tuwon gida huɗu, a sa ruwa kofi ɗaya a tukunya ya tafasa, a jera, a rufe minti goma har zafi ya ratsa tsakiyarsa. Miyar ma ta tafasa sosai, ba ɗumi kawai ba.

Shinkafa ta fi masara da dawa haɗari. Akwai ƙwayar cutar da ke jure dahuwa, in dafaffiyar shinkafa ta daɗe a wuri mai ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ta kashe wannan gubar. Amai ne ke biyo baya cikin 'yan awoyi. Don haka da bazara, in babu firji, tuwon shinkafa da dafa-duka a dafa daidai wanda za a cinye a daren. Duk tuwon da ya wayi gari yana yauƙi a hannu ko warinsa ya canja, na kaji ne.

Ɗanwake, dambu da sauran masu sauri

Ɗanwake yana shiga safe yana shiga dare. A haɗa garinsa a ajiye: garin wake kofi 1, garin alabo kofi 2, fulawa kofi 1, kuka cokali 3. In za a yi, a fara ɗora ruwa a babbar tukunya, rabinta kawai. A kwaɓa garin da ruwan kanwa rabin kofi da ruwa kamar kofi biyu, har ya zama yana danƙo yana bin hannu amma ba ya zuba. Sai ruwa ya tafasa ake fara sakawa, ƙanana-ƙanana da yatsu. Zai nutse sannan ya taso. Tasowa ba nuna ba ce, a ƙara masa minti goma zuwa sha biyar, a juya sau ɗaya. Kumfa zai taso, kada a rufe tukunya, a yayyafa ruwan sanyi ya kwanta. A tsame a ruwan sanyi, a tsane. In ya narke a tukunya, kwaɓin ya yi ruwa ko kuka ta yi kaɗan ko ruwan bai tafasa ba. In ya yi tauri yana tsalle a haƙori, kwaɓin ya yi ƙarfi. Mai soyayye da albasa, yajin ƙuli-ƙuli, tumatir da dafaffen ƙwai in hali ya yi.

Shinkafa da wake ba ta da wani sirri sai jeri. Wake kofi 2 ya fara shiga. A tafasa shi minti biyar a zubar da ruwan farko saboda maganin ƙwari da ake sa wa na ajiya, a sake ɗorawa minti 25 zuwa 35 har ya murje tsakanin yatsu, sannan shinkafa kofi 4 ta bi. Mai dafa faten wake ma ta riƙe wannan: tumatir ko wani abu mai tsami in ya shiga kafin wake ya yi laushi, waken ya ƙi nuna ke nan, sai a yi ta ƙona gas.

Dambun shinkafa ya fi kyau da dare don ba ya da nauyi. Ɓarzajjiyar shinkafa kofi 4, a wanke a tsane sosai, a turara a madambaci minti 20. A juye a roba, a marmasa, a sa zogale damƙa biyu, albasa biyu, tarugu, dakakkiyar gyaɗa rabin kofi, mai rabin kofi, magi da gishiri, a yayyafa ruwa kofi ɗaya, a mayar minti 20 zuwa 25. Inda madambaci ya haɗu da tukunya a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, don in tururi na fita ta gefe sama zai nuna tsakiya ta tsaya da tsakinta. Ruwan ƙasa kuma kada ya taɓa gindin madambaci, in ya taɓa dambu ya caɓe.

Masa da funkaso ban sa su cikin masu sauƙi ba. Suna son jiƙo da yis da jiran tashi da tsayuwa a gaban tanda, na ranar Juma'a ne ko ranar baƙi.

Akwai kuma dararen da zafi ke hana kowa sha'awar tuwo. A irin wannan dare fura da nono abinci ne cikakke, ba maneji ba. Fura dunƙule shida, nono lita ɗaya da rabi. A fara murje furar da nono kaɗan da bayan ludayi har ta yi laushi kafin a ƙara saura, in aka zuba nonon duka tun farko gudajin ba za su mutu ba. Nonon ya zama na madarar da aka tafasa kafin ta kwana, a tambayi mai tallan, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da cutar da ke kamuwa daga shanu. Ƙanƙarar kasuwa kuma, in ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, a bar ta a ledarta a tsoma a cikin kwaryar ta sanyaya furar daga waje.